Baburan da Suka Daɗe a Zaure

A Jamus akwai lambar babur da ake bayarwa ta wasu watanni kawai. A gefenta na dama za ka ga lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya, misali 04 a sama da 10 a ƙasa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ke nan mai shi yake da izinin hawa titi, kuma na waɗannan watannin zai biya haraji da inshora. Sauran shekarar babur yana ɗaki. Ƙanƙara na sa titi santsi, gishirin da ake watsawa don narkar da ita yana cin ƙarfe, sanyin kuma ba ya barin yatsu su damƙi birki. Don haka ajiye babur a can aiki ne mai ƙa'ida. A cika tanki, a zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, a sauya baƙin mai, a cire batir a jona shi da ƙaramar caja, a ɗaga tayoyi daga ƙasa, a lulluɓe. Mutum ya san ranar da zai ajiye, ya san ranar da zai ɗauko.

Hunturunmu bai taɓa hana kowa hawa babur ba. Ɗan acaba zai naɗe fuska, ya sa safar hannu, ya fita tun kafin a tashi daga sallar asuba, hazo ko ba hazo. Duk da haka, wanda ya riƙa leƙa zaurukan Maiduguri da Kano da Difa a shekarun nan ya ga babura a jingine da bango, ƙura ta rufe su, an ɗora musu tabarmi da tsofaffin buhuna, kaji suna kwana a kan kujerarsu. Tamu ajiyar ba a shirya mata. Da daddare ake jin sanarwa a rediyo, da safe a tura babur zaure da rabin tankinsa da batir ɗinsa a jiki, ana cewa bai wuce mako biyu ba a janye dokar.

A watan Yulin 2011 gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri, na haya da na gida, saboda a kansa 'yan Boko Haram suke zuwa su yi harbi su ɓace a lungu. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a birnin Kano, garin da a lokacin tsallaka titi a Bata ko Ƙofar Nassarawa sai ka yi ta kauce wa babura ta gaba da ta baya. A Nijar, Difa ta shiga dokar ta-ɓaci a 2015 aka hana babur, Tilaberi ta bi a farkon 2020, a 2021 kuma Zamfara da Katsina da Kaduna suka taƙaita zirga-zirgarsa saboda 'yan bindigar daji. Da Legas ta tsaurara tata dokar a 2022, samarin Arewa da yawa sun loda baburansu a tirela sun dawo da su gida. Baburan da aka kama kuwa murƙushe su aka yi a bainar jama'a. Dokokin nan suna da dalili, an kashe bayin Allah da yawa daga kan babur. Abin da ba kasafai aka tsaya aka duba ba shi ne mutumin da duk jarinsa a duniya wannan ƙarfen ne, wani ma bai gama biyan bashinsa ba. Wasu sun sayar da arha aka tafi da su ƙauye, wasu sun koma a-daidaita-sahu, wasu kuma suka kasa rabuwa da abinsu, suka jingine.

Abin da ya fito da da yawa daga cikin baburan nan shi ne 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ma'aikacin da ya yi shekaru yana ganin ya wuce hawa babur sai ya rufe motarsa da tamfol, ya waiwayi zaure. Sabon babur kuma ya yi tsadar da albashi ba ya kamo shi. A lokacin ne rumfunan makanikai suka cika da babura ana turo su da hannu, tayoyi a sace, wasu ma a baro aka kawo su.

Zama ya fi tafiya cin babur. Wannan ne abin da masu shi ba sa yarda da shi, domin a ganinsu abin da ba a taɓa ba ai lafiyarsa ƙalau. Mai babur zai ce, “Wallahi da ƙafarsa ya shiga zaure, ko tari bai yi ba.” Gaskiya ya faɗa. Sai dai inji an yi shi ne don mai ya riƙa zagaya shi, zafi ya riƙa kore masa danshi, roba ta riƙa motsi. Da ya tsaya, kowane sashe sai ya kama tasa hanyar lalacewar, kuma zafinmu da ke haura digiri 40 a bazara ya fi sanyin Turai saurin aikin.

Na ga yadda gogaggen bakanike yake karɓar irin wannan babur lokacin da muka fito da Honda CG125 ɗin kawuna, tsohon malamin firamare. Kawu na ɗora ƙafa a kan kik sai dattijon ya riƙe masa hannu. “Malam, kada ka buga shi tukuna. Bari mu gaisa da shi.” Ya buɗe tanki ya sunsuna. Fetur da ya daɗe ba ya warin fetur, wani wari yake mai tsami, launinsa ya yi ja. Sassansa masu sauƙi, waɗanda su ne ke saurin kama wuta, sun tsere sun bar masu nauyi, abin da ya kwanta a cikin kafireta kuwa ya bushe ya zama danƙo kamar ƙaro. Rabin tankin da babu mai ya yi ta gumi a dararen damina, ruwan ya gangara ƙasa tun da ya fi fetur nauyi, ya zauna yana cin ƙarfe. Sai aka kwance tankin, aka zuba masa kananzir da ƙananan notina, yaron gareji ya yi ta girgizawa yana zubarwa har abin da ke fitowa ya daina ja.

A kan kafireta dattijon ya fi daɗewa, kuma a nan ne na ga bambancin mai sani da mai kwaikwayo. Ya kwance ta a cikin kwano, kowane ɗan ƙarfe ya ajiye shi a jere yadda ya fito. Akwai wasu ƙananan kusoshin tagulla masu rami a tsakiya, ta nan mai yake bi. Mafi ƙanƙantarsu shi ne mai ciyar da inji idan babur yana tsaye yana aiki a hankali, raminsa da ƙyar ido ke ganinsa, kuma shi ne farkon toshewa. Alamarsa sananniya ce: babur ya tashi da cok, ana sakin cok ya mutu. Mai gaggawa allura yake zura masa, ya buɗe ramin fiye da ƙima, daga ranar babur ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi, mai shi yana zagin gidan mai. Dattijon nan ya jiƙa shi, ya zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, mai laushin da ba zai ci tagulla ba, ya bi ramin a hankali, ya hura, ya ɗaga shi saitin rana ya duba. Sai da ya ga haske ya fito zagayayye sannan ya ajiye.

Akwai ɓarnar da littafin Turawa ba zai faɗa maka ba. Zanzaro yana son bakin salansa da ƙananan bututun roba, ya gina ɗakinsa na laka ya toshe numfashin inji. Ɓera yana kai tsumma da ɓawon gyaɗa akwatin iska, ya gwaguyi waya a hanya. Soson da ke tace iska, idan ya shekara yana shan zafi, ka taɓa shi sai ya zama gari, kuma wanda ya tada inji bai duba ba ya tura wannan garin tare da ƙurar hunturu cikin silinda da kansa.

Hana kawu buga kik yana da dalilinsa. Baƙin mai duk ya tsiyaye ya koma ƙasa, bangon silinda a bushe yake, wataƙila ringi ya manne da tsatsa. Bugun ƙarfi na farko yana iya karya ringin ko ya kankare bangon, gyaran da zai ci kuɗin cefanen wata ya samo asali daga daƙiƙa ɗaya. Sai aka cire fulogi, aka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya ta raminsa, aka bar shi ya ratsa, sannan dattijon ya danna kik da tafin hannu yana sauraro. Da ya ji fistin yana hawa yana sauka ba gargada, ya juye tsohon mai ya zuba sabo. Ya jingina fulogi da jikin inji ya sa aka buga, muka ga tartsatsi shuɗi. Batir kam ya riga ya mutu. Lafiyayyensa yana nuna 12.6 a mita, wanda aka bari ya zube ya daɗe a haka farin gishiri ne ke kama farantansa, ko an yi caji ba ya riƙewa. Amma irin wannan babur wutar fulogi daga jikin injinsa take fitowa, bai jira batir ba. Bugu kaɗan ya yi tari, ya yi hayaƙi fari na man da aka ɗiga, ya kama.

A nan ne mutane suke kuskure mafi haɗari, kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk sha'anin. Inji ya yi ƙara, kowa ya washe baki, mai babur ya laluba aljihu zai biya ya hau. Alhali abin da ke kashe mutum ba a taɓa shi ba tukuna. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe, gefenta ya tsattsage. A jikin kowace taya ta zamani akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2312 na nufin mako na 23 a 2012. Tayar da ta kai shekara goma ba ta riƙe kwalta idan an yi yayyafi, komai kyan fuskarta. Fatar birki tana iya ɓanɓarowa daga jikin ƙarfenta ta cije ƙafa ana cikin gudu. Wayar birki tana tsatsa a cikin rigarta inda ido ba ya gani. Farantan kuloci suna mannewa, ka sa giya babur ya yi tsalle da kai. Sarƙa ta ƙage wasu gaɓoɓin. Duk wannan ba ya ƙara, ba ya burge kowa, kuɗinsa kuma ya fi na wankin kafireta, shi ya sa ake cewa “bari sai wani watan”. Bakaniken kirki ba ya barin babur ya bar rumfarsa a haka. Dattijon ya ce wa kawu, “Malam, inji nawa ne, na gama. Taya da birki na 'ya'yanka ne.”

Tashin wannan babur bayan shekaru ba sa'a ba ce. An ƙera shi ne da niyyar haka. Kafin Honda ta fito da CG125 a 1975, injiniyoyinta sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga yadda talaka ke amfani da babur: a ɗora masa mutum uku da kaya, ba a sauya baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a zuwa wurin gyara sai ya tsaya cik. Maimakon su ce masu saye su gyara halinsu, sai suka sauya injin, suka yi shi mai sauƙin sassa, mai jure ƙazamin mai, wanda sufana da sukudireba suka isa a buɗe shi a gindin bishiya. Kafin shi akwai Super Cub ta 1958, wadda zuwa 2017 an ƙera miliyan 100, babu abin hawa mai inji da ya kai ta yawa a tarihi. Sun iso mu a kan gaɓa. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shigo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, malamin makaranta da akawu da malamin asibiti suka sauka daga keke suka hau Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. A Maraɗi da Damagaram Mobylette ta Faransa ce ta yi tashe. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta jihar Ogun. Babur a lokacin dukiya ce ta mutunci, ana wanke shi ranar Juma'a, ana ɗinka wa kujerarsa riga, ana barin sa gado.

Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira, sabo ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai muka koma 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, kayan da wasu suka gama yayinsu. Wasu daga cikin baburan da suka sauka a tashar Kwatano irin waɗancan ne da aka saba kwantarwa duk hunturu a Turai da Japan, har wata shekara mai su bai sake fito da su ba. Makanikanmu a kansu suka ƙware da tada inji da ya daɗe a kwance, ba littafi, ba kayan aiki na musamman, da kunne da hanci da yatsa. Daga baya Jincheng ta Sin ta cika gari, samfurin Suzuki AX100, mai ƙona baƙin mai tare da fetur. Duk wanda ya zauna a Kano a farkon shekarun 2000 yana tuna shuɗin hayaƙin da ke tsayawa a kan titi da magariba, yana sa ido ruwa. Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta ture ta saboda ƙarancin shan mai. Duk da wannan sauye-sauyen, abu ɗaya bai sauya ba: kowannensu yana da kafireta da kik, kowannensu yaron da ya yi shekara uku a gareji zai iya wargaza shi ya mayar. Abin da babu a shago kuma a nemo shi a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ko a aika Nnewi.

Sauyin da nake gani yanzu ya fara ne tun kafin injin ya sauya. Kayan gyara masu arha sun yi yawa har sabuwar kafireta sukutum ba ta fi kuɗin wanke tsohuwa da wani abin kirki ba. Sai yaran gareji suka koyi cirewa da sawa. Ka kawo babur da orijinar kafiretar Japan wadda rami ɗaya ne kawai ya toshe mata, a jefa ta kwandon 'yan gwangwan, a ɗaura maka wadda ba za ta kai baɗi ba. Ba na ɗora wa yaran laifin duka. Mu masu babura ne muke biyan kuɗin ƙarfe ba gardama, amma idan aka zo kuɗin hannu sai mu ce, “Haba Oga, me ka yi? Hurawa fa kawai ka yi.” Mutumin da ya shafe awa biyu yana neman inda cutar take, ya same ta, ya warkar da ita da silin waya, shi ne ake ba wa mafi ƙanƙantar lada. Yaron da ke kallo ya fahimci darasin sarai: sani ba ya kawo kuɗi, sayar da kaya ne ke kawowa. Dattijan da suka iya sauraron inji suna tsufa, kuma ba kowannensu ne ya sami wanda ya tsaya ya ɗauka ba.

Injin ma yana kan hanyar sauyawa. Tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta sa kusan duk baburan da ake sayarwa a can suka bar tsohuwar kafireta, suka koma fesa mai da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Waɗanda ake kawo mana har yanzu na tsohon tsari ne, amma masana'antar da ke yi mana ba za ta riƙe layi biyu har abada ba. Sabon tsarin ya fi tsimin mai, ya fi tsabtar hayaƙi, kuma wanda ya shaƙi iskar Kano ta zamanin Jincheng ba zai raina wannan ba. Sai dai famfonsa a cikin tanki yake, da lantarki yake aiki, tsohon fetur na iya ƙage shi, cutarsa kuma ba a jin ta da hanci, sai an jona masa na'ura ta karanto. Kigali ta ƙasar Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista daga Janairun 2025. A titunan Kano ma baburan lantarki sun fara yawa tun bayan cire tallafi, suna wucewa shiru, ɗalibai da 'yan kasuwa suna yaba su, kuma da gaskiyarsu. Amma irin wannan idan aka jingine shi shekara guda batir ya zube ƙasa warwas, sau da yawa ba wanki ba hurawa, sai sabo, kuma batir ɗin shi ne sashe mafi tsada a jikinsa. A ƙasar da doka ke iya kwantar da babur dare ɗaya ba tare da an faɗi ranar tashi ba, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai saye.

Ba na fatan mu tsaya a kan kafireta, ba za ma a bar mu mu tsaya ba. Abin da nake so shi ne a kai sabon ilimin inda masu gyaran suke, a rumfunansu, da Hausa. Mutumin da ya iya bin wutar fulogi daga inji zuwa kwayil ba zai gagara karanta mita ba idan aka zauna da shi mako biyu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fara jawo masu sana'ar Panteka jiki, tana gwada abin da suka iya don su sami takardar shaida. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha tana nan a Kaduna, ITF mai horar da ma'aikata tana Jos tun shekarun 1970, kowace jiha kuma tana da makarantun koyon sana'a da azuzuwansu ke zama a rufe da yamma. Ƙungiyoyin makanikai sun san membobinsu rumfa-rumfa. Kamfanonin da ke shigo da baburan lantarki su ma a ɗora musu sharaɗi: duk garin da za su buɗe shagon sayarwa, su horar da masu gyara na garin, su ajiye batir da kayan gyara a farashin da aka sani, su kuma rubuta wa mai saye da harshensa yadda zai ajiye abinsa idan wata rana aka ce kada ya fito da shi.